Dillalin Ciniki ta Intanet: Duba Ƙofar Fita Kafin Ka Shiga

Dillalan cinikin canjin kuɗi ta intanet kala uku ne, kuma a fuskar waya duk kamarsu ɗaya. Ba ka gane bambanci sai ranar da ka ce a ba ka kuɗinka.

Akwai mai lasisin hukumar da ba ta wasa, irin FCA ta Birtaniya ko CySEC ta Saifurus. Zai dame ka da neman katin shaida, ba ya raba garaɓasa, kuma tun 2018 doka a Turai ta hana ƙaramin mai ciniki juya abin da ya wuce ninki 30 na jarinsa. Dole ma ya rubuta yawan masu asara a wurinsa. Hukumar ESMA, mai kula da kasuwannin kuɗi a Tarayyar Turai, ta samu kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari ne ke asara. Babu daɗin ji, amma ni irin wannan dillalin zan ɗauka. Sai dai kada lambar lasisi ta ruɗe ka. Shiga rajistar hukumar da kanka ka gwada adireshin intanet da lambar waya, don 'yan damfara kan ari sunan kamfanin gaske su sauya harafi ɗaya.

Sai mai rajista a tsibiri irin Saint Vincent, inda hukumar kuɗi ba ta ba da lasisin wannan sana'a. Zai ba ka ninki 500 har da garaɓasa, wadda sharaɗinta kan ɗaure kuɗinka sai ka yi cinikin da ba zai yiwu ba. Wasu na biya. In suka ƙi, ba ka da wurin kai kuka.

Na ukun ba dillali ba ne ma. Shi ke nemo ka ta WhatsApp ko Telegram, ya haɗa ka da "manajan asusu", ya rantse riba tabbas ce, ya ce ka turo kuɗin kirifto. Cirewar farko, 'yar kaɗan, takan fito nan take: an ba ka tsoka ne don ka haɗiyi ƙugiya. Da ka nemi mai yawa, sai a ce biya haraji, biya kuɗin tantancewa, biya na buɗe asusu. Dillalin gaske daga cikin kuɗinka yake yankar ladansa, ba ya cewa ka ƙaro. Ribar da kake gani kuwa lambobi ne da wani ya rubuta.

Bayan 'yan makonni wani "lauya" zai kira ka, wai zai ƙwato maka kuɗin in ka biya kafin alƙalami. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi lambarka a hannunsu.