Kafin ka sayi benen haya a Jidda, leƙa bangon mitoci

Benaye biyu dillali zai nuna maka a unguwa ɗaya: tsohon gini mai sauƙin kuɗi da shiƙƙa huɗu, wato sassan haya, a kan mitar wuta ɗaya, da wani mai tsada wanda kowace shiƙƙa ke da addadinta, kamar yadda mutanenmu na nan ke kiran mita. Ni dai na biyun zan ɗauka, ko da sai na ƙara ciko.

Tun Janairun 2018 wutar gida a Saudiyya halala 18 ce (halala ɗari ke riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata. Abin da ya haura kuma halala 30, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kai tun Yulin 2020. A ce kowane gida ya sha 2,500 a tsakiyar zafi, lokacin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa dare da rana. In mitoci a rabe suke, jimillar riyal 1,800 ce kafin haraji. In aka lissafa 10,000 ɗin a mita ɗaya, ta zama 2,280. Riyal 480 sun tafi a wata guda ba tare da kowa ya ƙara kunna ko fitila ba. Kuɗin ma da sauƙi a kan rigimar rabon fatura, wato takardar kuɗin wuta. Mai yara takwas zai rantse bai fi gwauron sama shan wuta ba, kai mai gida ka koma alƙali kowane wata. Da mita a rabe, in kwantiragin haya na Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, sai fatura ta koma sunan ɗan haya, kowa ya ji da tasa.

Sai wayoyi. Tsofaffin gine-gine da yawa kan tsarin wuta mai volt 127/220 aka yi su, wanda jama'a ke ce wa "ɗari da goma", alhali tun 2010 gwamnati ta yanke komawa 230/400. Ka je da mai gyaran wuta naka, ba na mai sayarwa ba, ya buɗe allon birekoki ya duba kaurin waya da ko akwai wayar ƙasa. Soket da ya yi baƙi bayan mukayyif ya isa shaida. Sake wayoyin bene na nufin fasa bango da watannin da ba haya, don haka a cire shi daga farashi tun a wajen ciniki.

Mukayyif na taga ya fi araha da sauƙin gyara. Split, mai rabi a ɗaki rabi a waje, in mai inverter ne ya fi shiru da tsimin wuta. In ɗan haya ne zai biya fatura, shi ke cin ribar tsimin, kai kuwa abin da za ka samu shi ne shiƙƙa ba ta daɗe a rufe ba. Kar a manta da mitar hidima, ta fitilun matakala da famfon tura ruwa tanki da lif. Wannan taka ce, sai ka nemi faturocinta na Yuli da Agusta kafin ka ba da kafin alƙalami.