Matsar da batir ko liƙa dalma: daidaita helikwaftan rimot bayan sauya injin wutsiya

Injin wutsiya mai ƙarfi yakan fi na asali nauyi, ga shi kuma can ƙarshen jela yake zaune. Ka ɗaga jirgin ta kan babbar farfela, batir na ciki. Idan wutsiya ta rinjaya ƙasa, to nauyi ya bar ƙarƙashin sandar farfela, a sama jirgin zai riƙa ja da baya.

Lissafin nauyi ne sau nisa. A ce sabon injin ya ƙara giram 3 a nisan santimita 25 daga sandar, ka samu 75. Batir mai giram 30, ka tura shi gaba da santimita 2.5, magana ta ƙare, ba ka ƙara wa jirgin komai ba. Matsalar dai wuri ce: murfin gaba na ƙananan jirage a matse yake, tsawon wayar batir kan gaza, kuma dole a ɗaure batirin tam, don in ya zame ana cikin tashi aikin ya koma baya.

Dalma ba ta neman wuri, amma illarta lokacin tashi take bayyana, tunda nauyi ta ƙara wa jirgin. A hanci, santimita 10 daga sandar, sai ka liƙa giram 7.5. Injin babbar farfela zai ƙara zafi, caji ya ƙare da wuri, faɗuwa ta fi ɓarna.

Ni batir nake fara taɓawa. In ya kai maƙura wutsiya ba ta tashi ba, sai 'yar dalma a can bakin hanci ta cike saura, sannan a sake saita na'urar da ke hana wutsiya kaucewa, tunda sabon injin ya fi saurin amsawa.