Malamin gona a Damagaram: shawarar ta yi, lokacin ne bai yi ba

A Magarya da Kance da kudancin Mirya, ruwan shuka yakan sauka cikin watan Yuni, a Tanut kuwa sau da yawa sai Yuli. Duk wanda zai auna aikin malamin gona a jihar Zinder, da wannan ya kamata ya auna shi: ya iso gona kafin ruwan shuka ko bayansa? Manomin da ya riga ya rufe rami da diddige ba ya buƙatar bayani kan tazarar shuka sai baɗi.

Tsarin a takarda ba shi da wuyar ganewa. Ma'aikatar noma tana da ofishi a jiha, da wani a kowace gunduma, sannan a kwamin, wato ƙaramar hukuma, akwai jami'in da ake kira CDA, wanda shi ne talaka ya sani da malamin gona. A 2017 gwamnatin Nijar ta kawo gyara, ta amince da sabon tsarin ba manoma shawara, SNCA, ta kafa hukumar APCA don ta haɗa kan masu aikin, da asusun FISAN don kuɗi. Manufar ita ce gwamnati ta daina zama ita kaɗai ke da malamai, a sa ƙungiyoyin manoma da zauren manoma na jiha, wato CRA, da ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma su ba da shawara bisa abin da manomi ya nema. Tunanin ya yi daidai. Sai dai gyaran ya fi ƙarfi a saman tsani. A ƙasa, kwamin mai ƙauyuka da yawa tana hannun mutum guda, kuma fitarsa ta dogara ga babur da man da za a zuba masa.

Abin da ya fi armashi cikin hidimar shi ne makarantar gona. Ana tara manoma kamar 25 zuwa 30, su zaɓi gona guda, a raba ta: gefe ɗaya a noma yadda aka saba, ɗaya gefen a bi sabuwar dabara. Kowane mako ana haɗuwa da sassafe, a ƙirga ƙafafun gero, a duba ganye, a kamo ƙwari a tantance mai ɓarna da mai taimako. Da kaka a auna damman kowane gefe a gaban kowa. Ba a gardama da dami.

Darasin da ya fi yawo a waɗannan makarantu shi ne zuba taki kaɗan a rami, dabarar da cibiyoyin binciken noma na ICRISAT da INRAN suka daɗe suna gwadawa. Lissafinta a fili yake. In aka shuka gero mita ɗaya tsakanin rami da rami, ekta tana ɗaukar rami 10,000. Kowane rami ana sa masa giram 6 na NPK 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su tsunkuno. Ke nan kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP sun isa ekta, buhun DAP guda mai kilo 50 kuwa ya rufe ekta biyu da rabi. A jigawar da sinadarin fosfor, wanda waɗannan takin ke ɗauke da shi, ya yi ƙaranci, bambancin yana fitowa tun kafin noman fari. Bayan mako biyu zuwa uku sai a yi cira, a bar ƙafa uku a rami.

Inda ake faɗuwa kuwa wuri biyu ne, kuma ba kowane malami ke tsayawa a kansu ba. Na farko, takin da ya taɓa iri a ƙasar da ba ta jiƙa sosai ba yana ƙone tsiro. Dole a jira ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 20, a sa takin a gefen rami, ƙasa ta shiga tsakaninsa da iri. Mutanen da suka saba binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, in suka haɗa da taki sai yayyafi ya narkar da shi a kan ƙwayar, gona ta fito kamar kan mai ƙora. Ga mai binne, shawarar da ta dace ita ce ya bari sai tsiro ya fito, ya bi gindi ya sa takin bayan ruwa. Na biyu shi ne hannu. Shuka a nan aikin mutum biyu ne, mai sara da sungumi da mai jefa iri. Taki a rami yana neman na uku, a ranar da kowane gida ke tseren gama gonarsa kafin laima ta gudu. Gidan da samarinsa suka tafi ci-rani ba su dawo ba, ba ƙin dabarar ya yi ba, hannu ne babu.

Ko an iya duk wannan, sai an samu takin. Gyaran harkar taki da aka soma a 2018 ya rage hannun CAIMA, hukumar gwamnati mai samar da taki da kayan noma, ya buɗe wa 'yan kasuwa hanya, kuma Gidan Manomi da aka tsara wa kowace kwamin tun shirin 3N na wadata ƙasa da abinci an yi shi ne don iri da taki da shawara su zauna wuri guda. Inda shagon ke da kaya a watan Mayu, abin yana tafiya. Inda buhu ya iso ƙarshen Yuli, DAP ya rasa ranarsa, don amfaninsa na saiwa ne tun gero yana ƙarami. Manomi sai ya juya ga takin da ke shigowa ta kasuwannin kan iyaka, wani na gaske, wani an sake masa buhu. Malamin gona ba shi da na'urar gwada shi. Wannan giɓin ba laifin malamin ba ne, amma shi ake kallo.

Haka batun iri. A gero, HKP da Zatib da SOSAT duk an san su, ga Chakti mai saurin nuna da ta fito a 2018. A wake akwai TN5-78 da IT90K. Malami mai kyau zai ce a wanke iri da magani, ƙunshin Apron Star na giram 10 ga kilo 4, zai kuma gargaɗi mai son gero mai saurin nuna: in kai kaɗai ka shuka shi a karkara, gonarka ce za ta fara fitar da kai, tsuntsaye kuma ba sa jiran gayyata. Gara unguwa guda ta shuka shi tare.

Yaƙi da murzuna, tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar gero, shi ne wurin da ake ganin ƙwarewa da raunin tsarin a lokaci guda. Maganinta wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai kama da zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke kashe tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Ana sa matan ƙwaron guda biyu cikin 'yar jakar algarara tare da gero da tsutsotsin kiwo 25, a rataya jaka 15 a kewayen ƙauye, a inuwa, inda ruwa da tururuwa ba za su kai ba. Ba feshi, ba guba. Amma dole jakunan su iso lokacin da gero ke fitar da kai. In aka makara da mako biyu, tsutsar ta gama ci ta sauka ƙasa, aikin ya zama na banza. Kuma da wuya a yi wannan sai da kuɗin furoje, wato shirin masu ba da tallafi.

Nan ne babban ciwon. Mafi yawan makarantun gona da fitar malamai, furoje ne ke biyansu, irin ProDAF da ya shiga Maraɗi da Tawa da Zinder a 2015. Ƙauyen da ke cikin taswirar furoje yana ganin malami kowane mako, maƙwabcinsa na nesa da kilomita biyar ba ya ganinsa duk damana. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakata, sai aka ga yadda hidimar ke tsaye da ƙafar aro. Kwamin da ke son malaminta ya yi aiki, sai ta sa kuɗin mai da gyaran babur cikin kasafinta, ta kuma nemi jadawalin fita a rubuce, a karanta shi gaban masu gari.

Layin waya na RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, ya rufe wani ɓangare na giɓin. Ana kira da Hausa, ana tura hoto ko murya ta WhatsApp, kuma ya fi yi wa masu lambu amfani, irin na Gidimuni da kwarin Korama, waɗanda tumatir da kabeji ke lalace musu cikin kwana uku. Mai tura hoto ya ɗauki ganyen sama da ƙasa, da ƙwaron kusa da kusa, da takardar jikin kwalbar maganin da ya riga ya fesa, ya faɗi kwana nawa da dashe. Ba tare da waɗannan ba, amsar da zai samu ƙiyasi ce. Matan da ba su da babbar waya kuwa, da su ke riƙe da gayaunan wake da riɗi, har yanzu sai ta bakin wani suke ji.

Darasin ajiya ne kawai ba ya jiran kowa. Buhun PICS, na ajiyar wake da iska ba ta shigarsa, leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a hura ledar a ga ba ta da huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ba a sa ƙwayar magani ko ɗaya. Wanda ya riƙa buɗewa yana ɗiban na miya ya mayar wa ƙwari numfashi, don haka waken ci a ware shi a wani buhu tun ranar ɗauri.