Great Zimbabwe ta ci kuɗinta, mai mota ne ya cuce mu

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi Zimbabuwe ya dawo bai leƙa kufan Great Zimbabwe ba, ya yi asara. Tafiyar kamar kilomita 30 ce daga garin Masvingo. Ni da yayana muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin yini guda: kufai da safe, gandun dabbobin tafkin Mutirikwi da rana, sannan kewaye a jirgin ruwa.

Wallahi hoto yana rage wa ginin nan daraja. Katangar babban shingen ta kai mita 11 a wasu wurare, kewayenta kusan mita 250, kuma babu laka babu siminti, duwatsu ne aka fasa aka jera, nauyinsu ke riƙe da juna. Wanda ya saba ganin ganuwar ƙasa tana zaizayewa duk damina zai gane abin da ya sa na tsaya baki buɗe. Akwai wani siririn lungu tsakanin katanga biyu da ake bi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ka gindin wata hasumiya mai siffar rumbu, ba ƙofa ba ɗaki, dutse ne cunkus har sama.

Saurayin da ya yi mana jagora a wurin ya san aikinsa. Ya bayyana yadda kakannin ƙabilar Shona suka gina birnin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da yadda aka tono tangaran ɗin Sin da tsabar kuɗin Kilwa, tsohon birnin bakin teku a Tanzaniya ta yau, a ciki, shaidar cinikin zinariya da bakin teku. Raina ya sosu da ya zo kan Turawan da suka ƙi yarda baƙar fata ne ya yi wannan aiki. Bajamushe Karl Mauch da ya iso a 1871 Sarauniya Bilkisu ya jingina wa ginin, kuma ko bayan binciken Gertrude Caton-Thompson, Baturiya masaniyar tonon kayan tarihi, a 1929 ya tabbatar da aikin 'yan Afirka ne, gwamnatin Turawa ta Rodeshiya (tsohon sunan Zimbabuwe) ba ta daina musu ba. A ɗan gidan tarihin wurin muka ga tsuntsayen dutse, irin wanda ke jikin tutar ƙasar.

Har nan da na ba tafiyar maki cikakke. To amma direban kamfanin sai da hantsi ya dubi ludayi ya zo ɗaukar mu, bai ko ba da haƙuri ba. Muna tsakiyar hawa tudun da ke ɗauke da ginin da ya fi daɗewa, inda matakala ke ratsa tsakanin manyan duwatsu, sai ya fara kiran waya ba ƙaƙƙautawa, wai lokaci ya ƙure. Na ce, "Yaya, mu ƙarasa mana, saura kaɗan." Ya ce a'a, kada a bar mu a ƙasar mutane. Haka muka sauko ba mu kai sama ba.

Gaggawar kuma ba ta amfana mana komai ba. Ɓangaren dabbobin yana arewacin tafkin, kufan kuwa yana kudu, sai an yi dogon zagaye, kuma direban ya san haka sarai. Muka isa rana ta take, dabbobi duk sun shige inuwa. Mun ga jakunan dawa da barewa, da raƙumin dawa daga nesa, da kawunan dorina a ruwa. Farar karkanda, wadda dominta na ƙwallafa rai, ko sawunta ban gani ba. Ban ga laifin gandun ba. Tafkin yana da kyau ƙwarai, tun 1960 aka tare ruwansa don noman rake a kudu, ga tsaunuka sun kewaye shi. Jirgin ruwan kuwa, da muka tambaya sai direba ya ce ba a shirya ba. Kuɗinsa har yau ba a maido ba.

Da farko na yi niyyar yafewa saboda daɗin da na ji da safe, amma duk sanda na tuna tudun nan sai abin ya dawo mini sabo. Mutum ya taso tun daga Najeriya, a hana shi ƙarasa 'yan matakalu? Wanda zai je ya kwana a Masvingo, ya fara da tudun da sassafe, ya bar gandun sai asubar gobe, kuma kada ya biya kowa kuɗin jirgin ruwa sai ya ga jirgin da idonsa.