In gawa ta tashi tana bin mutane, wace bindiga za ka ɗauka? Na gwada guda biyar a Las Vegas

Ƙanena da ke zaune a Amurka ne ya ja ni. Na je wani taro a Las Vegas, rana ta ƙarshe ya zo ya ce, "Yaya, ba za ka koma gida ba sai ka ji ƙarar bindiga a hannunka." A garin akwai wuraren da baƙo ke biya, a tsayar masa da malami a gefe, a ba shi bindiga mai sarrafa kanta ya harbi takarda. Da aka ce mu zaɓi takardar da za mu harba, sai ga hoton zombi, wato gawar nan ta tatsuniyar Turawa da ke tashi tana cizon masu rai, ido a zazzare, baki a wage. Amurkawa sun ɗauki wasan nan da nisa. A 2011 hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta fitar da shawarwarin shirin ranar zombi don ta ja hankalin jama'a su tanadi ruwa da magani saboda bala'i na gaske. Kamfanin Hornady ma ya taɓa sayar da harsashi mai suna Zombie Max.

Dokar tatsuniyar biyu ce. Zombi ba ya faɗuwa sai an same shi a ka, kuma ƙara tana kiran 'yan'uwansa. Da wannan ma'aunin na auna bindigogin.

Thompson aka fara miƙo mini, ta 'yan dabar Chicago na shekarun 1920. Kyakkyawa ce, katako da baƙin ƙarfe, kamar kayan gado. Amma ko babu harsashi ta kusa kilo biyar, in aka ɗaura mata gidan harsashinta mai siffar ganga mai cin hamsin kuwa ta haura kilo shida. Harsashinta .45 ne, ƙato, kuma shi ma nauyi gare shi. Na harba, hancinta ya riƙa ɗagawa sama kamar akuya mai neman ganye. Wanda zai yi tafiyar yini da ƙafa yana gudun gawa, kafin azahar zai jingine ta a gindin bishiya ya yi gaba.

PPSh-41 ta Rasha, wadda Georgy Shpagin ya ƙera, an buga kusan miliyan shida a yaƙin duniya na biyu, ita ce ta fi ba ni dariya. Gangarta na cin 71. Sai ka ji kamar ka tsira. Ka taɓa kunama, kafin ka gama bismilla daƙiƙa biyar ba ta cika ba, ganga ta zama fanko. Tana zuba kusan dubu a minti. Takardata ta yi kaca-kaca daga ciki zuwa gwiwa, kan zombin kuwa lafiya lau, yana kallona. Ga kuma babbar matsala: harsashinta 7.62x25 ne, na bindigar hannu ta Tokarev. Ranar da kasuwa ta mutu, ina za ka same shi?

Matsalar nan ce ta kayar da P90 ta kamfanin FN na Beljiyam, wadda ƙanena ya nace a kai. Ban ga laifinsa ba. Gajeriya ce, ba nauyi, gidan harsashinta a kwance yake a samanta yana cin hamsin, kwanson kuma ta ƙasa yake zuba, don haka bahago da badame duk ɗaya ne. Ba ta shuri ko kaɗan. Sai dai abincinta 5.7x28 ne, ba kowane shago ba. Kamar ka sayi mota mai tsada ce wadda ba ta shan man kowane gidan mai. Na ce masa, "Kai dai ka ji daɗinta mako guda, daga nan ka samu taɓarya mai tsada."

Saura biyu, kuma nan gardamar gaske take, domin dukkansu 9mm suke ci, harsashin da 'yan sanda da sojojin ƙasashe da dama ke amfani da shi. In duniya ta watse, shi ne zai fi saura a aljihun tebur da bayan mota.

Uzi ta Isra'ila, ƙirar Uziel Gal, sojojinsu sun karɓe ta a 1954. Ba ta da kyan gani, kamar an lanƙwasa kwanon rufi an yi ta, kuma kusan hakan ne, da matsattsen ƙarfe aka buga ta don ta yi arha. Gidan harsashin cikin mariƙin yake shiga, ko a duhu hannu zai nemo hannu. An yi ta don ƙasa mai yashi da ƙura, kayan cikinta kaɗan ne, ba ta neman shagwaɓa. Gudunta kusan 600 a minti, har kana iya ƙirgawa da kunne, tak tak tak, ka saki biyu ka tsaya. Nauyinta kilo uku da rabi. Abin da ya ɓata ta a wurina shi ne yadda take tashi. Sakatar da ke tura harsashi a buɗe take jira a baya, in ka ja kunama sai wani ƙaton ƙarfe ya rugo gaba kafin harbi ya fita. Wannan rugowar tana girgiza hannu daidai lokacin da kake son ya tsaya cik. A kan ƙirji ba komai. A kan kai, daga nesa, sai ka ga harbin farko ya goce.

MP5 ta Heckler & Koch ta Jamus, wadda ta shiga aiki a 1966, sakatarta a rufe take, harsashi na zaune a ɗakinsa tun kafin ka taɓa kunama. Duniya ta san ta ne ranar da dakarun musamman na Birtaniya, SAS, suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan a 1980. Malamin, wani tsohon soja mai ƙarancin magana, ya ce in fara da ɗai-ɗai kafin in saki ruwa. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce gwafa ba, biyar na farko huɗu suka shiga kai. Shurinta kamar yaro ya dafa ka a kafaɗa. Da na juya ta zuwa ruwan harsashi, 800 a minti, sauran suka tafi cikin ƙiftawar ido, kuma ban ƙara samun kan ba. Harsashi talatin cif da gidanta ke ci, in ka danne, daƙiƙa biyu da 'yan kai ne.

A nan na gane cewa abin da ake biyan kuɗi a ji a Las Vegas, wato ruwan harsashin, shi ne zai fara kashe mutum a ranar zombi. Wanda ya danne kunama ya ƙarar da guzurinsa, ya kuma yi shelar inda yake ga duk gawar unguwa. Shi ya sa zaɓina shi ne MP5SD, 'yar'uwarta mai salansa, wato abin rage ƙara, a jiki. An huda bututunta yadda iskar da ke tura harsashi ke ragewa, sai 9mm na yau da kullum ya fita ƙasa da gudun sauti, babu wannan tsawar da ke biyo baya. Ita ban harba ta ba, a bango na gan ta, malamin ya sauko da ita na ɗaga. Ta fi ta farkon nauyi a gaba, kuma ya ce salansar na tara dauɗa, sai da wanki a kai a kai.

Ƙanena ya kawo hujjar da ban iya turewa ba. MP5 tana da ƙananan kaya a ciki, 'yan naɗe-naɗen ƙarfe da aka auna daidai wa daida. Shekara biyar babu makaniki, babu kayan gyara, wa zai duba ta? Uzi kuwa ko maƙerin bakin kasuwa zai fahimce ta. Na yarda. Shekarar farko MP5, wanda ya kai ta biyar ya nemi Uzi.

Mallaka dai ba ta taso ba. A gida doka ta haramta wa farar hula irin waɗannan, a Amurka ma tun 1986 aka rufe rajistar sababbi, tsofaffin da suka rage sai dubban daloli. Takardar MP5 kawai na naɗo na sa a jaka. Tana bayan ƙofar ɗakina yanzu, uwargida ta ce in cire ta kafin yara su fara mafarki.