VeraCrypt: akwatin da na kulle a cikin faifan gidanmu

Faifan ajiya ɗaya gare mu a gida, irin wanda ake jonawa da kwamfuta ta USB, mai cin terabait 2. Ni da Yayana muka yi karo-karo muka saya. Kowa da foldarsa da sunansa a jiki, na ɗauka shi ke nan. Sai ranar da autanmu ya shigo bayan magariba da faifan a aljihu, wai tun azahar ya bar shi a shagon masu tura fina-finai. Gabana ya yanke ya faɗi. A foldata akwai hotunan kamun bikina, mata zalla ba mayafi, ga takardun filin marigayi Baba, ga lissafin adashin da nake riƙe wa mata goma sha biyu.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari wata abokiyar aikina ta nuna mini VeraCrypt, manhajar kulle fayiloli da kalmar sirri, yau wata bakwai ke nan ina amfani da ita.

Manhajar kyauta ce, wani kamfanin Faransa mai suna IDRIX ne ya fito da ita a 2013, daga tushen wata manhaja irinta, TrueCrypt, wadda aka daina kula da ita a 2014. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Na fara duba BitLocker, makullin faifai na Windows, amma tawa kwamfutar Windows Home ce, ba ta iya kulle faifan waje da shi. Ko da ta iya ma, faifan gaba ɗaya za a kulle, kalmar sirri ɗaya ga kowa, an koma gidan jiya.

Abin da ya burge ni shi ne ba ta taɓa kayan kowa ba. Fayil guda na ƙirƙira mai girman gigabait 300, shi ne akwatina. In na saka kalmar sirri sai ya buɗe kamar wani faifai daban, in zuba kayana in rufe. Wanda ya jona faifan ba abin da zai gani sai ƙaton fayil da ba ya buɗuwa, ko sunayen hotunan ba zai gani ba. Wajen haɗa shi akwai inda za ta ce ki yi ta wulwula linzamin kwamfuta a cikin tagar har layin ƙasa ya cika. Da wannan motsin take ƙarfafa makullin. Ta kuma gargaɗe ni lokacin da na saka kalmar da ba ta kai harafi 20 ba, sai na haɗa jimla guda da ni kaɗai na san ma'anarta.

A duba tsarin faifan tukuna. In FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, sai an mayar da faifan exFAT ko NTFS. Fuskar manhajar ma ba ta da fara'a ga sabon shiga, sai da aka zauna da ni sau biyu kafin hannuna ya faɗa.

Abu biyu ne nake so kowace mace ta ji da kyau. In kin manta kalmar sirri, ba kamfanin da zai dawo miki da ita. Tawa na rubuta a takarda, tana cikin akwatin Hajiya. Sannan kulle yana hana gani ne kawai, ba ya hana gogewa. Yaya ya taɓa kirana yana neman wuri a faifan.

"Wannan ƙaton abin da ba ya buɗuwa fa, in share?"

"Yaya, don girman Allah kar ka taɓa, duk kayana ne a ciki!"

Tun ranar na sa wa fayil ɗin sunana da "kar a goge", na kuma sayi ƙaramin filashi na yi wani akwatin na takardun Baba da lissafin adashi. Kowace Juma'a da yamma nake sabunta su, in rufe akwatin tukuna kafin in zare faifan.