Koyon Golf a Cikin Gida: Me Za Ka Fara Saya, Me Za Ka Bari?

Daga ƙauyenmu na ƙasar Kiyawa zuwa filin golf na Dutse, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa, ba tafiyar kullum ba ce. Ga kuɗin mota, ga aikin gona. In damina ta kankama sai in yi wata guda ban riƙe sanda ba, hannu kuwa yana mantuwa. Shi ya sa na mai da atisayena gida, na kuma gane abin da ya cancanci kuɗi da wanda bai cancanta ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, ɗauko abin awo. Sandar bugun nesa tana kai inci 45, mai lamba 7 kuwa, wato ta bugun matsakaicin nisa, wajen inci 37. Mutum mai matsakaicin tsawo yana bukatar rufi mai ƙafa 9 zuwa 10 kafin ya kaɗa sanda hankali kwance. Zaurukanmu masu azara da ɗakunan da aka yi wa silin da fanka, da yawa ba su kai haka ba. Ka tsaya a wurin, ka ɗaga sandar a hankali har ƙarshe. In zuciyarka tana ɗar-ɗar da rufin, jikinka zai koyi takurewa, kuma da wannan takurar za ka je fili. Gara ka koma ƙarƙashin doguwar rumfa a tsakar gida, ko ka tsaya kan gajerun sanduna.

Sai ƙwallo. Ta gaske nauyinta kusan giram 46 ne, ga tauri kamar tsakuwa. A gidan da yara ke gilmawa ba na ba da shawararta ko kaɗan. Zaɓi biyu ne: ta roba mai ɓula-ɓula da ta soso. Ta roba ta fi araha amma tana saurin tsagewa. Ta soso na fi so, domin tana lanƙwasa dama ko hagu in ka buga a karkace, ka ga kuskurenka da idonka. Ka dai tattara su da ka gama, akuya ba ta ƙyale soso.

A dardumar da ake ɗora ƙwallo a kai a buga ne mutane suka fi yin asara. Akwai siririya mai ciyawar roba da ake sayarwa da sauƙi. In ka shimfiɗa ta a kan siminti, duk bugu sai ya dawo maka a wuyan hannu da gwiwar hannu. Na yi sati biyu da irinta, sai da na koma ko butar alwala na ɗaga ina jin zafi. Ka nemi mai kauri wadda aka yi wa soso a ƙasa, ka danna ta da babban yatsa a gaban mai kaya ka ga ko tana lotsawa. Amma ko mai kyaun tana da aibi guda: in sandarka ta daki ƙasa kafin ƙwallo, sai sandar ta zame ta sami ƙwallon, ka ɗauka ka yi daidai. Maganinsa, ka ninke tawul ka ajiye taƙi ɗaya a bayan ƙwallon. In ya tashi, ka riga ka sauka da wuri. Wanda kuwa ke da ƙasa mai laushi a rumfarsa, wallahi ya fi mai darduma sa'a. Ya ja layi da kara, ya ɗora ƙwallo a kai, ya buga, ya duba inda sanda ta fara yankar ƙasa: a kan layin ko gabansa kaɗan ake so.

Ragar tare ƙwallo ba dole ba ce ga mai ƙwallon soso, tsohon bargo da aka rataya sakwa-sakwa ya wadatar. In za ka buga ta gaske, ka sayi ragar da aka yi don golf, ka bar tazara tsakaninta da bango, ka riƙa cire ta daga rana don zafin bazara yana cinye zarenta. Gidan sauro ba ya tare komai.

Jakar duka da ake koyon haɗuwar sanda da ƙwallo, buhu da tsummoki sun maye gurbinta. Kada ka zuba yashi, zai ji maka ciwo.

Akwai na'urorin auna bugu irin su Garmin Approach R10, masu faɗa maka gudun ƙwallo da nisanta. Suna aiki, amma da dala ake ƙiyasta kuɗinsu, suna son fili gaba da bayan ƙwallo, ga caji a garin da wuta sai an yi sa'a. Ni wayata nake jinginawa da bulo a daidai ƙugu, in ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, ɗaya ta gabana, ɗaya ta bayana. A nan na fara ganin kaina yana ɗagowa kafin sanda ta iso ƙwallo, abin da na shekara ina yi ban sani ba.